Ƙara Biyu Bayan La'asar

A gidan Ustaz Nabih, hawa na uku a wata tsohuwar unguwa ta birnin Mansura, a ƙasar Masar, doka ɗaya ce tak ba a taɓa karyawa ba: da zarar an kira la'asar, babu mai taɓa tarho. Ko gobara ce ta tashi, sai dai a fita baranda a yi ihu.

Dalilin dokar Hazim ne, ɗansu tilo, wanda shekara uku ke nan yana Milano, a ƙasar Italiya, yana murza ƙullu a gidan abincin wani Bature. Kira daga can tsada gare shi, don haka suka yi yadda kowa ke yi. Kullum in ya samu hutun rana, sai ya taka zuwa tarhon bakin titi, ya buga lambar gida, ya bari ta yi ƙara sau biyu, ya ajiye. Ba a ɗauka, ba a biya. Uwarsa Awatif takan zauna gefen tarhon da tiren shinkafa a cinya tana tsintar tsakuwa. Wajen ƙarfe huɗu ƙarar za ta zo, ta ce "Alhamdu lillahi," ta tashi ta ɗora ruwan shayi.

Shi kuwa Ustaz Nabih shekara ashirin da shida ya yi yana buga hatimi a ofishin ban-ruwa. Ya kai shekarun nan da mu maza kan gano cewa babu mai neman shawararmu a gida, sai mu koma neman na'urar da za ta ji maganarmu. Tasa wata tsohuwar kwamfuta ce da surukinsa ya bar masa da ya dawo daga Kuwait, tare da modem ɗinta, ɗan akwatin da ake jona wa layin tarho ya yi ta kururuwa kamar kyanwar da aka taka wa wutsiya, kafin ya yarda ya kai mutum intanet.

Hazim ya aiko da hotonsa tun farkon wata. Sau tara Ustaz Nabih yana ƙoƙarin buɗe shi. Hoton yakan fara sauka daga sama, layi bayan layi, a ga rufin ɗaki, a ga bakin wata farar hula, sai layin tarho ya yanke. Ya san rufin nan fiye da na gidansa.

Ranar Laraba ya taso daga ofis da wuri, tsohon modem ɗin a jakar leda, ya biya shagon Bashmuhandis Wa'il, wato babban injiniya, wanda duk injiniyancinsa bai wuce sukurdireba ɗaya ba.

Wa'il ya juya akwatin ya kwashe da dariya. "Ya Ustaz, wannan a wane kabarin Fir'auna ka haƙo shi? Kai shi gidan tarihi, su ba ka lambar yabo."

"Yana aiki."

"Jaki ma yana aiki. Ga wannan, hamsin da shida."

"Hamsin da shida na me?"

"Gudu, ya Basha, gudu! Ka danna, ka ɗora shayi, kafin ruwa ya tafasa hoto ya sauka har takalmi."

Ustaz Nabih bai ƙara tambaya ba, don kada a ɗauka bai sani ba. Ya biya, ya rungumo kwalin a tasi kamar jariri.

Ya iso gida saura kaɗan a kira la'asar. Awatif ta gan shi durƙushe a bayan tebur yana cire wayar tarho.

"Abu Hazim, ka duba agogo."

"Minti biyar, ya Hajja. Yau za ki ga ɗanki."

"Ka bari ya kira tukuna. Hoton ba guduwa zai yi ba."

"Ke ba ki san wannan ba. Hamsin da shida ne. Duniya ta ci gaba, ku kuna nan kuna gadin ƙararrawa."

Ita ba ta tambayi hamsin da shida na me ba. Ta ajiye tiren, ta zo ta tsaya a bayansa.

Abin da Wa'il bai faɗa ba shi ne, wayoyin ginin nan tun zamanin da aka gina shi suke, ɓeraye da damina sun ci rabonsu. Sabon modem ya yi kururuwa da sabuwar murya, rufin ɗaki ya sauko da ɗan sauri, gaskiya ya fi da. Hula ta fito. Aka kira salla. Goshi ya fito a lokacin da ruwan shayi ya ci a ce ya tafasa har ya ƙone. Agogon bango ya nuna huɗu saura biyar daidai lokacin da gira ta bayyana.

"Cire, Nabih."

Ba ta cika kiran sunansa ba. Ya ji, amma ga idanu suna fitowa, kuma in ya cire yanzu, gobe daga rufi za a sake farawa.

"Minti ɗaya."

"Yana can tsaye a titi."

"Na ce minti ɗaya! Ga hancinsa nan, ba ki gani?"

Hoton ya kammala huɗu da rabi. Hazim ne a gaban tanda, da farar hula, yana murmushi da gefen baki irin na ubansa. Awatif ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ya rame." Ta sunkuya da kanta ta cire wayar, ta mayar wa tarho, ta koma kujerarta. Ranar ba a sha shayi ba.

Washegari tarho bai yi ƙara ba. Ranar Juma'a ma haka. Ustaz Nabih ya yi ta ɗaga kan tarhon yana saurare, yana cewa layi lafiya lau, har ta ce masa ya bar shi haka nan, ɗagawar ma tare layin take yi.

Da hantsin Asabar ya shiga intanet, ya tarar da wasiƙa. Da haruffan Turawa aka rubuta Larabcin, don kwamfutocin can ba su da namu. Awatif takan karanta Alƙur'ani da jarida, amma wannan rubutu ya fi ƙarfinta, sai ta tsaya shi ya karanta mata, yana tuntuɓe.

Hazim ya ce ranar Laraba ya buga sau uku ya ji ana kan layi, har gabansa ya faɗi, sannan ya gane Baba ne ya samu intanet ta zauna. Ya yi murna ƙwarai. Yanzu an huta, in ji shi. Tarhon titin da nisa, sanyi ya shigo, mai gidan abincin kuma yana ƙorafin fitar. Zai riƙa rubutowa duk Lahadi, doguwar wasiƙa, ta fi ƙara biyu da ba ta cewa komai.

"Ai ya yi tunani," in ji Ustaz Nabih, a hankali. "Wasiƙa ta fi bayani."

"Wa ya ce maka bayani nake nema? In ta yi ƙara, na san a daidai lokacin yana tsaye da ƙafafunsa, yatsansa a kan lambarmu. Wannan fa? Yaushe aka rubuta? Kuma da muryarka zan ji shi? Shekara ashirin da takwas ina jin muryarka, ta ishe ni."

Ya zauna ya rubuta wa ɗansa da yatsa ɗaya, ya roƙe shi ya ci gaba da bugowa saboda uwarsa. Amsa ta zo ranar Lahadi, kuma ta sauka da gudu, a nan kam Wa'il bai yi ƙarya ba. "Baba, ka lallashe ta. Kai da kanka ka rubuto min kwanaki cewa duniya ta ci gaba." Wannan layin bai karanta mata ba.

Wasiƙun Lahadi suka riƙa zuwa, ta farko shafi guda, ta uku layi huɗu. Ustaz Nabih ya fara ƙara musu gishiri: "Ya ce a gaida Mama, ya ce yana kewar mahshinta, kabejin nan da take naɗewa da shinkafa." Takan ce "To," ta ci gaba da abin da take yi.

Ana nan, wata Talata bayan la'asar, ya ce zai sauka sayen sigari. Ya tsallaka titi zuwa shagon Amm Sabir mai kayan masarufi, ya ja tarhon da ke kan kanta.

"Wa za ka kira, ya Ustaz?"

"Gida."

Amm Sabir ya leƙa waje, ya dubi ginin, ya dube shi. "Gidanka ga shi can. Ɗaga murya mana, ko Hajja ta hana ka magana sai ta waya?"

Bai kula shi ba. Ya jira agogon shagon ya kai huɗu, ya buga lambar. Ƙara ɗaya. Ƙara biyu. Ya ajiye. Ya ji wani sanyi a ransa irin na wanda ya gyara abin da ya ɓata, ya fito yana gyara kwalar rigarsa, ya ɗaga kai.

Awatif tana baranda, ta dafa ƙarfen da hannu biyu, tana kallonsa. Ƙofar falo a buɗe take a bayanta, ta ji ƙarar sarai, ko waiwayawa ba ta yi ba. Ashe ta fi mako biyu da daina zama gefen tarhon. Shi bai lura ba, yana ɗaki wajen hamsin da shida.

Suka tsaya haka, shi a ƙasa, ita a sama. Can ta sunkuya ta ɗauko kwandon da take zuro wa masu talla, ta sako igiyar a hankali har ya tsaya daidai ƙirjinsa.

"Tunda kana ƙasa," in ji ta, "sako burodi."