Barnaba Ya Sa Jumare a Addu'a

Barnaba dattijo ne a ikilisiyar Furana, kuma ya daɗe yana faɗin cewa kallon fim aikin marasa gona ne. Cajin waya kawai ya kai shi shagon Gwadabe ran wata Asabar, sai ruwa ya tsare shi. Benci ɗaya ne a shagon, kuma talabijin yake fuskanta.

Wani shiri mai dogon zango ake nunawa. A ciki akwai wani Jumare, wanda ya faɗa shaye-shaye bayan rasuwar matarsa. Ran nan ya zo ƙofar gidan yayansa, ya gyara hula, ya daɗe a tsaye, sannan ya juya.

"Me ya hana shi shiga?" in ji Barnaba.

"Kunya, Baba," in ji Gwadabe. "Sai wata Asabar za a ci gaba."

Tun daga nan wayar Barnaba ta riƙa mutuwa duk Asabar.

A taron addu'ar Laraba, da fasto ya tambaya ko akwai mai buƙata, Barnaba ya miƙe ya ce a sa wani Jumare, yana cikin wani hali. Aka yi masa addu'a sosai. Wata mata har ta nemi sanin unguwarsu.

A hanyar gida matarsa Selina ta ce, "Maigida, Jumaren nan na shagon Gwadabe ne?"

"Shi ne."

"An ce mai wasan yana Kano lafiya lau, har mota gare shi." Ta gyara ɗankwali. "Philemon dai yana Malikanchi."

Philemon ƙanin Barnaba ne, ciki ɗaya. Shekara huɗu ke nan da Barnaba ya kore shi daga bikin 'yarsa don ya zo yana warin burukutu. Barnaba ya duba ransa har suka isa gida, bai tuna ranar da ya ambaci sunan Philemon a gaban Ubangiji ba. Da ya durƙusa da safe ya gwada, sai sunan ya ƙi fitowa. A karo na uku ya fito, tare da hawaye.

Ya hau babur sai Malikanchi. Ya tarar da Philemon a gindin ɗorawa yana sa wa fartanya ƙota, ya rame, furfura ta fito masa. Suka gaisa har gaisuwa ta ƙare.

"Ka taɓa zuwa ƙofata ka juya?" in ji Barnaba.

"Sau uku, Yaya."

Barnaba ya cire hularsa. "Na yi maka laifi. Ka yafe ni."

Philemon ya ajiye fartanyar. "Ban fa daina sha ba, Yaya."

"Ban tambaye ka ba. Ɗauko takalmanka, Selina ta ɗora wake."

Philemon ya ce ba ya zuwa wurin matar yaya hannu rabbana. Suka ɓata rabin awa suna bin wani zakara a bayan rumbu, har Barnaba ya faɗi sau ɗaya. Sannan suka kama hanyar Furana, zakaran a tsakaninsu.