Waliyyiya Ma Ta Cika Mudunta

A ramin yuraniyom na bayan garinmu, nan yankin Limousin, ba wanda ya kai Firmin Mazabraud baki. Tun yana saurayi yake huda dutse a ƙarƙashin ƙasa, ga shi saura kaka ɗaya ya yi ritaya, kuma a duniya ba abin da ya raina kamar ma'aikatan injin niƙa da ke sama. Masu tuƙa tuwo yake ce musu, saboda garin nan rawaya da suke damawa. Shugabansu kuwa Aubin ne, ƙanen matarsa, wanda ya sha ba'a har ya gode Allah.

Kowane mahaƙi yana ɗaure da wani ɗan ma'auni a ɗamara, mai lissafa zafin dutsen da jiki ya sha, zafin nan da ba a gani ba a ji. Magulmaci suke kiransa. Wanda ya cika mudunsa na shekara, Solange mai tsara aiki sai ta mai da shi sama, ba roƙo ba magiya. Mudun Firmin kuwa ya kusa baki.

Ya ƙare aikinsa a ƙarƙashin Aubin? Ai gara ƙasa ta tsage ya shige, shi da ya saba da cikinta.

Sai dabara ta faɗo masa. A bakin babbar hanyar ramin, inda iska mai kyau ke shigowa, akwai wani ɗan gurbi a jikin bango da mutum-mutumin Waliyyiya Barbe, uwar mahaƙa. Kullum da safe sai ya tsaya kamar mai addu'a, ya cusa magulmacin a bayanta, in an tashi ya ɗauke abinsa. Har abokinsa Gaston ya fara cewa, "Tsoho, wannan ibada ta farat ɗaya fa? Ko mutuwa ka hango?"

Ƙarshen wata Solange ta kira shi ofis. Ya shiga yana taku ɗai-ɗai, hula a karkace.

"Baba Firmin, zauna. Dutsen kake ci ne a can ƙasa?"

"Burodi da cuku dai, 'yar nan. Me ya faru?"

"Ma'auninka ya nuna abin da mutum uku ba za su sha ba. In haka wurinku yake, yau zan rufe shi. Kai da Gaston da sauran, kowa ya hau sama."

Firmin ya san albashin sama bai kai na ƙasa ba. Shi dai ya shuka, amma Gaston mai 'ya'ya a makaranta bai ci nanin ba, don me nanin za ta ci shi? Ya cire hular, ya murza ta, ya murza, sannan ya faɗi gaskiya da muryar da ko matarsa ba ta san yana da ita ba.

Solange ta miƙe. Ta sa kwalkwali, ta ɗauki na'urar gwajin dutse, suka sauka tare. Tana kai ta bayan waliyyiya, na'urar ta ɓarke da ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ashe duk shekarun nan da ake ta haƙa can ƙurya ana neman dutse na kirki, jijiyar dutse mafi albarka tana nan bakin ƙofa, waliyyiya ta jingina da ita.

Firmin ya washe baki. "To, kin gani! Wa ya gano muku? Sai a bar ni in huda ta da hannuna."

"Za a huda ta, amma ba da kai ba. Wata guda ban san abin da jikinka ya sha ba, don haka abin da magulmaci ya faɗa shi zan rubuta. Ubana ma dabara irin taka ya yi, ni na yi jinyar tarinsa. Ka ji haushina a sama, Baba, ya fi mini."

Firmin ya bi bayanta suka hau sama.

Ran Litinin Aubin ya tarye shi a ƙofar injin da farar riga a ninke. "Maraba da babban baƙo! Suruki, ga muciya can, a tuƙa a hankali kada ya yi gudaji."

Firmin ya sa rigar, ya yini bai ɗaga kai ba. Ba ba'ar ce ta dame shi ba. Kewa ce, kewar duhu da sanyin rami da ihun Gaston.

Ran da za a fasa gurbin da nakiya, sai ga mahaƙa sun shigo injin niƙa da takalmansu duk laka, Gaston a gaba, rungume da waliyyiya a cikin rigarsa. Ya ajiye ta a kan tagar da ke kusa da Firmin.

"Madam Solange ta gwada ta," in ji shi. "Ta ce ita ma ta cika mudunta tuntuni, ba ta ƙara sauka. Muka ce to, ba mu yarda da kowa a nan ba sai kai."

Firmin ya dubi waliyyiyar. Ya juya ya fuskanci injin yana share ido da hannun farar rigar, ya ce wannan tuwo nasu hayaƙi gare shi.