Ragon da Ya Faɗo daga Dutse

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai mallakar teku da iskar da ke kaɗa shi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ya Ubangiji, ka daidaita harshena a kan gaskiya.

Ranar Laraba aka kawo mana gawar Baha'uddeen ɗakin wankan gawa a Whitechapel, cikin birnin Landan. Ɗalibina ne. Shekara biyu yana zuwa daga unguwar Barking muna karatun fiƙihu, muna tsakiyar babin yanka ya sami aikin kula da injin wuta a wata tashar binciken tsuntsaye, a wani tsibiri can arewa da Scotland. Na iske haƙarƙarinsa huɗu a karye, ƙeyarsa a fashe. Wanda ya rako gawar amininsa ne, Dakta Kambai, Kirista, mutumin Zangon Kataf, hancinsa a ɗaure da filasta. Shi ya ba ni labarin.

Su shida ne a tashar, tukunyarsu ɗaya, kowa da ranar girkinsa, kuma ba mai cin abinci shi kaɗai. Ranar Baha'uddeen tuwon semolina ake ci da miyar kukar da ya ƙullo daga gida, har Turawan suka koyi cin tuwo da hannu. Sauran ranaku sai a ɗebar masa nasa kafin a zuba naman firji, domin ba yankan Musulmi ba ne.

Sai guguwa ta sauka. Kwana ashirin da shida jirgin ruwan da ke kawo abinci bai iso ba. Nama ya ƙare, gari ya ƙare, aka koma kofi ɗaya na kunun hatsi a yini, shi ma ya ƙare. Wata baturiya a cikinsu ta yanke jiki ta faɗi a gaban murhu.

Wata rana da hantsi suka hango wani ragon daji, daga cikin tumakin da ke kiwon kansu a tsibirin, ya zame daga kan dutse ya faɗa kan wani falale a bakin ruwa, yana jan ƙafafun baya. Shugaban tashar ya ɗauko bindiga, ya ce zai harbe shi a jawo shi da ƙugiya. Baha'uddeen ya zaro wuƙar girki.

"Dakta, gaya masa ya dakata. In ya harbe shi mushe ne. Ku biyar ku ci, ni in zauna ina kallo?"

"Ustaz, ka haukace? Dubi ruwan nan! Sau uku ana yi wa jirgi cancel saboda shi, kai ne za ka shiga?"

"Minti biyu. Bismilla ce kawai."

Kambai ya cafke shi ta baya. Suka kama kokawa a bakin dutsen, suka zube, suna birgima a cikin taɓo. Baha'uddeen, wanda ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba, ya maka wa amininsa gwiwar hannu a fuska, hanci ya fashe, jini ya wanke masa riga. Ya kuɓuce, ya gangara.

Ragon ya tarbe shi da ƙaho, ya soke shi a cinya. Baha'uddeen ya danne shi da gwiwa, ya murɗa wuyansa wajen alƙibla, ya ja wuƙa. Bai ɗago ba igiyar ruwa ta zo ta ɗauke shi ta maka da dutse, ta janye, ta dawo ta sake makawa. Kambai ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, mutum huɗu suna riƙe, ya fito da shi. Ya koma ya fito da ragon.

A kan teburin cin abinci suka shimfiɗe shi, jini na fita ta kunnensa. Ya buɗe ido ya ce, "Ya motsa bayan na yanka?"

Kambai ya ce, "Ya motsa, Ustaz. Har ya shure ka."

Ya yi kalmar shahada, ya cika kafin azahar. Naman ya riƙe su biyar kwana shida, har jirgi ya zo.

Da Kambai ya kai nan sai ya riƙe hannuna ya ce, "Baba, ni ban san addininku sosai ba. Ƙarya na yi masa, ban ga motsi ba, kuma bayan ragon a karye yake. Naman nan ya halatta a gare shi?"

A mazhabarmu dabbar da lakarta ta tsinke yanka ba ya halatta ta. Amma shafi uku gaba da inda muka tsaya da Baha'uddeen, an rubuta cewa wanda yunwa ta kai shi bakin halaka, mushe ma ya halatta a gare shi. Ranar da ya zo sallama ya roƙe ni mu ƙarasa babin, na ce masa ba a gaggawa da ilimi, sai ya dawo.

Na ce, "Ɗana, ya halatta. Ko da bindigar aka harbe shi, ya halatta."

Ya saki hannuna, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

Tun daga ranar, duk wanda ya zauna gabana don babin yanka, da hukuncin larura nake fara masa.

Allah ya jiƙan Baha'uddeen, ya karɓi shahadarsa, ya yafe mini jinkirina. Kai kuma mai karatu, Allah ya sanar da kai sauƙin addininsa kafin ranar da za ka buƙace shi. Amin.