Uwargidan Baba Mai Agogo Ta Ƙi Ci

Kwano ya dawo fanko, kuka ce madalla, kuka juya baya. Kada ku ce mini ba ku ba ne, ba gidanku ba ne. Kowane gidan haya yana da ɗakin ƙarshe, kuma kowa ya iya wuce shi da sauri.

A namu gidan, Baba Mai Agogo ne a ɗakin ƙarshe. Da safiyar da nake faɗa, Maman 'Yan Biyu ce ta ɗauko kwanon daga bakin ƙofarsa, ta ɗaga mana shi a wajen famfo kamar shaidar likita. Ta ce tsohon nan ƙalau yake, ga shi ya suɗe har gefe. Direba yana tsugune yana wanke takalmi, ya ɗaga murya don a ji a ƙarshen baranda.

"Baba, ya Uwargida? Yau ta ci?"

Daga ciki, a hankali, aka amsa: "Ba ta ci ba."

Aka kwashe da dariya. Direba ya ce yaji take yi, Baba ya saya mata sabon zane.

Uwargida mesa ce. Baba ya ƙwace ta tun tana ƙarama daga hannun wasu da suka taru da duwatsu a bayan rumfarsa ta gyaran agogo, ya haɗa mata akwatin gilashi da hannunsa. Tun daga nan ba wanda ya sake taka ɗakinsa. Da idonsa ya raunana ya rufe rumfa, matan gidan suka raba girkinsa a tsakaninsu: a ajiye kwano a ƙofa, a ƙwanƙwasa, a ja da baya. Ban hana su ladansu ba. Amma ni malamar kimiyya ce, aikina koya wa yara cewa abin da ba ka gani da idonka ba, ba ka san shi ba. A gidanmu an ga kwano, ba a ga mai ci ba.

Da yamma ya fito ɗibar ruwa. Ya ɗaga hannu zai dafa bango, agogonsa ya zame har gwiwar hannu. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana daidaita wa mutane madaurin agogo. Na karɓi bokitin, na bi shi har ciki.

Ɗakin ɗumi gare shi, da warin dusa. Agoguna a bango, kowane da nasa lokacin. Uwargida na naɗe a ƙarƙashin ƙwan lantarki, kanta bisa jikinta. A gefe kuma keji bisa keji na fararen ɓeraye, waɗanda yake kiwo dominta. Tun da ta daina ci ba mai rage su, sai hayayyafa suke. Ina tsaye ya buɗe kwanon shinkafar da aka kawo masa, ya juye musu ita duka, ya kankare gefen da cokali.

"Baba, ku fa?"

Ya nuna mini kofin ruwa. Ya ce an daɗe loma ba ta wuce masa maƙogwaro, tana zuwa nan ta tsaya, ta dawo. Yanzu ruwan ma sai da lallashi. Bai mayar da abinci ba don kada matan su ce ya raina girkinsu. Ita kuwa Uwargida, ya ce kada in damu, irinta takan yi watanni ba ta ci ba, ta tashi ƙalau. Ya gwada mata ɓera ƙarami, ya ƙara mata ɗumi, ya sauya mata ruwa, ya lulluɓe gilashin don ta samu duhu. Duk wannan ya lissafa mini da ƙwazo, nasa ciwon kuwa a jimla biyu ya gama.

Na ce gobe sai asibiti. Ya dube ni da idon da ya saba duba cikin agogo.

"'Yata, ina fita ta wannan ƙofa, sanda za ta shigo ta nan. Da kunnena na ji Direba yana faɗa. Ba inda za ni."

Na fita raina a ɓace, na bi ƙofa ƙofa. Ban roƙi kowa ya taɓa Uwargida ba. Alkawari kawai na nema, cewa ba za a kashe ta ba idan ya kwanta asibiti. Maman 'Yan Biyu ta riƙe baki, ta yi hawaye na gaske, sannan ta ce ita dai tana da ƙananan yara. Tela ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya ci gaba da taka kekensa. Mai gidan hayar ya ce da ma ya daɗe yana haƙuri. Direba ya ce, "Malama, boko ya yi miki yawa. Maciji ai maciji ne, ko ya yi karatu a makarantarku." Kowa ya yi addu'a. Addu'a ba ta da nauyin ɗauka, shi ya sa aka fi son ta.

Na koma na ce wa Baba a kai Uwargida ɗakina. Sai ya buɗe murfin akwatin ya ce in miƙo hannu. Na miƙa. Ya ɗora mini ita. Na zaci santsi zan ji, sai na ji ta a bushe, da nauyi kamar yaron goye. Ta zagaye damtsena, ta fito da harshe, ta tsaya.

"Kada ki matse ta. Ki zama reshe kawai," in ji shi. Ya daɗe yana kallonmu, sannan ya ce in ɗauko masa rigarsa mai kyau.

Direba ne ya kai mu a motarsa, ba zan hana shi ladan wannan ba, har ya ƙi sauraren maganar kuɗin mai. Likita ya duba, ya fito da ni waje, ya tambaye ni ina danginsa suke duk tsawon wannan lokaci. Ya ce ƙari ne ya toshe hanyar abinci, kuma an makara. Na ce masa kullum ana kai masa abinci. Ya juya ya koma ciki.

Baba bai daɗe ba. Duk zuwan da na yi, tambayarsa ɗaya ce, ko ta ci. Ban taɓa ce masa e ba, don ya fi ƙarfin a yi masa ƙarya. Ranar ƙarshe ya ce in bar takura mata, ba a tilasta wa mai rai ci, a dai riƙa leƙa ta. Da hantsi ya cika, hannunsa cikin nawa.

Bayan an dawo daga binne shi, ko takalma ba a kakkaɓe ba, na tarar da su a ƙofata. Tela da tabarya, Direba da ƙarfen canza taya, mai gida a baya yana ba da umarni. Waɗanda suka kasa shiga ɗaki don su duba tsoho, yau sun sami ƙarfin zuciyar shiga don su kashe.

Na tsaya a bakin ƙofa, na dafa katakon hagu da dama.

"Malama, matsa," in ji Direba.

"Ku fara ta kaina. Ni ina ci, zan fi ta ihu."

Ba wanda ya yi dariya. Maman 'Yan Biyu ce ta fara janye mijinta Tela, tana cewa mutumin ko kwana bai yi a ƙasa ba. Mai gida ya ce in nemi wani ɗakin kafin ƙarshen wata. Na ce na ji.

Tana nan a kusurwar ɗakina, ƙarƙashin ƙwan lantarkinta. Har yau ba ta ci ba. Ina zama kusa da gilashin in ga gefen jikinta yana ɗagawa yana sauka, kuma ban yi niyyar fasawa ba.

Ku kuma ku ajiye wannan karatu. Akwai wanda kuke gaisarwa ta bayan ƙofa, yana amsa muku da lafiya lau. Ku tashi yanzu, ku tura ƙofar, ku shiga, ku jawo kujera ku zauna kusa da shi. Kada ku fito sai kun ga ya haɗiye.