Baƙin Zaren Ishbel

"Ruwan ya yi sanyi, tsoho. Kifin yana can ƙasa a kwance, kai kana ta yi masa rawa a sama," Ishbel ta ce wa mijinta.

"Shekara talatin da ɗaya ina kama kifin samon da zare mai yawo a kan ruwa," in ji Torquil. "Ba yau zan koma jan ƙugiya a ƙasan kogi kamar mai neman takalmin da ya ɓata ba."

"Ni mai neman takalmin na kama huɗu bana. Kai fa?"

Ko ɗaya bai kama ba. Ishbel ta san adadin, duk ƙauyen ma sun sani. Yau ake rufe kamun kifi a kogin sai baɗi. A ƙungiyarsu ta masu fatsa, wanda ya ƙare shekara bai kama ko ɗaya ba shi ke sa wata hular ulu ruwan hoda a liyafar rufewa, ya zauna da ita har a tashi. Torquil ne ma ya sayo hular, tun yana da bakin dariya.

Ishbel ta rataye jakarta a reshe, ta shiga ruwa can ƙasa da shi, tana jifa tana taku ɗaya gaba. Ya jira har kwanar kogin ta ɓoye ta. Sannan ya buɗe jakar, ya zaro guntun baƙin zaren nan mai nauyi da ake ƙarawa a bakin fatsa don ya nutsar da ƙugiya.

Akwai ɗan madauki a kowane bakinsa. Ya sha ganin tana zura wannan cikin wancan, amma bai taɓa tsayawa ya kalla ba, don kada a ce yana koyo. Sai ya yi irin ƙullinsa na kullum a kan zaren mai santsi, ya ɗaura ƙugiyarsa mai jan gashin zakara.

A jifa na uku sandar fatsar ta lanƙwashe.

Kifin ya yi tsalle, tsawonsa ya kai hannun mutum. Torquil ya cije leɓe don kada ya yi ihu. Ya yi minti biyu yana fama, sai zaren ya saki. Ƙullin ya zame. Kifi ya tafi da ƙugiya da baƙin zare gaba ɗaya.

Ya zauna a kan dutse yana kallon ruwa. Yana cikin shirya ƙaryar da zai yi, ya ji muryarta.

"Torquil! Kawo raga!"

Ya isa da gudu cikin dogayen takalmansa, ya tallafo mata kifin. Ƙugiyarta ba a bakin kifin take ba. Ta maƙale ne a madaukin wani baƙin zare da kifin ke ja. A laɓɓansa kuwa ga jan gashin zakara.

Ishbel ta dubi ƙugiyar, ta dubi ƙullin da ya warware, ta dubi mijinta. Ta cire ƙugiyar a hankali, ta riƙe kifin cikin ruwa har ya farfaɗo ya sulale. Daga ɗayan gefen kogin Struan, shugaban ƙungiyar, ya ɗaga hularsa.

"Na ga komai, sai dai ban gane ba!" ya ƙwala musu. "Cikinku wa ya kama shi?"