Inuwar Mangwaron Waisea

Dhiren mai gyaran famfo ya leƙo daga saman kwano, tsumma a hannu.

"Mama, na wanke gilashin solar, na naɗe bututun. Na'urar dumama ruwan lafiyarta lau, rana ce ba ta samu. Wannan mangwaron ya tsare mata gaba, ta ina ruwa zai yi zafi?"

Asenaca ta ɗaga kai ta dubi bishiyar. Ranar da cibiyar ɗanta Waisea ta faɗi, mijinta Peniasi ya binne ta a nan, ya dasa mangwaro a kai, yadda ake yi wa kowane ɗa. Waisea ya girma, ya bi jirgin kamun kifi daga birnin Suva, teku kuwa ko takalminsa ba ta maido ba. Babu gawa, babu kabari. Sai mangwaro, shi ko sai ƙara faɗi yake kamar an aike shi.

"A rage rassan mana," in ji ta.

"Haba Mama, ba mun rage bara ba? Mangwaro ai gemu ne, yau ka aske, gobe ga shi." Ya yi dariya, ya ga shi kaɗai yake yi, ya kama bakinsa.

Daga ɗaki Peniasi ya yi tari. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, tunaninsa ma ya tafi, kullum ita ke masa wanka. Ruwan sanyi ya fara kama masa ƙirji, nas ta ja mata kunne a kai, bayanta kuma ya daina ɗaukar tukunyar ruwan zafi. Ta lalubi ranta ko za ta sami kuka ko fushi. Wayam.

"Sare shi."

Dhiren ya kira surukinsa mai injin yankan itace. Ita dai tana zaune tana ferar rogo har ƙarar ta tsaya. Tsakar gida ta yi haske fayau, kamar gidan wasu.

Da la'asar ta buɗe famfo, sai tururi. Ta sirka, ta zaunar da mijinta a kujerar roba, ta zuba masa a kafaɗa. Yau bai yi makyarkyata ba. Ya lumshe ido, ya saki jiki.

"Maman Waisea," ya ce da karkataccen bakinsa, "ruwan nan da daɗi. Yaron ne ya gyara mana?"

Asenaca ta sake cika kofin.

"Shi ne," ta ce. "Ɗaga hannu in wanke maka hammata."