Abin da Tallar Sabulu Ta Rage

Shekara talatin da ɗaya Baba Injiniya ya yi a gidan rediyon nan na FM, tun eriyarsu ba ta fi bishiyar ƙofar gida tsawo ba. Yanzu gwiwa ta ƙi, kunnen hagu ma ya riga mai shi yin ritaya. Ga sabon manaja ya ce ɗakin kaset zai koma ofis, a kwashe komai kafin Litinin. Ai kwamfuta ke saka waƙa yanzu, ita ba ta tari, ba ta neman hutu.

Yana cikin ɗura kwalaye sai ga wata malamar asibiti ta yi sallama, ko kayan aiki ba ta cire ba.

"Sannu da aiki, Baba. An ce mahaifina ya taɓa yin waƙa a nan, Mai Jar Hula ake ce masa. Mamata na da cikina ya rasu. Ban taɓa jin muryarsa ba."

Ya tuna shi sarai: dogo, mai jita, da shegiyar dariya. Sau ɗaya tak ya zo.

Sai da suka zazzage kwali bakwai, suka sha ƙura har suka gode Allah, sannan kaset ɗin ya fito, sunan na jiki da rubutun Baba. Da ya juya shi sai ya ga ɓarnar. An liƙe ramin gefensa da salatif.

A shekarun wahala haka suke yi. Sabon kaset ya yi wuya, in talla ta zo sai a zaro tsoho daga kan kanta, a toshe ramin da ke hana gogewa, a ɗora sabon abu a kai. Wa ke duba suna? Aiki ake.

Ya saka, ya danna. Muryar Baba ce da kansa ta fito, ta ƙuruciya, tana ta zuba kirarin wani sabulu da ko a kasuwa babu shi yanzu. Kunya ta rufe shi. Ya kai hannu zai kashe.

"Bar shi, Baba," in ji ta.

Talla ta ƙare, wata ta shiga, ita ma ta ƙare. Sai shuuu. Can kusa da ƙarshen zare aka ji wutsiyar kiɗan jita, wani ya gyara murya, ya yi 'yar dariya.

"Injiniya, ya yi ko in sake?"

Ƙat, kaset ya tsaya.

Sau huɗu ta sa ya mayar mata baya. A na ƙarshe ta goge ido da bayan hannu.

"Me ka ce masa, Baba?"

Ya gaji, wallahi ya gaji, ko ƙarfin yin ƙarya ba shi da shi.

"Lokacin tashi ya yi, 'yata, ina sauri. Ce masa na yi ya isa haka."